Baƙin da Na'ura Ta Ƙi

Ran kasuwar Baɓura na rufe maƙera da hantsi,
na bar zugazugi kwance, gawayi bai gama ci ba.
Wai bana haraji ba a hannu ake biya ba, sai ta na'ura.
Na ninke takardar gida huɗu,
na ari keken ƙanena, na kama hanya.

Shagon Nafi'u na bayan tasha,
janareto na tari, fanka na juya zafi.
Ya ce, "Baba, suna?"
Na ce, "Ɗan'azumi Baƙo."
Ya buga, allon ya yi ja kamar ƙarfe a wuta.
Ya sake bugawa, ya ja tsaki, ya yi dariya.

"Ba ta karɓar baƙi mai lanƙwasa,
ba ta son 'yar alamar nan mai rataya a sama.
Sai dai mu miƙe su."
Na ce, yaro, shekara arba'in ina lanƙwasa ƙarfe.
Lauje in ya miƙe ai ya tashi aiki.
Guga in ya tsinke ya faɗa,
miƙaƙƙiyar sanda ce ke ciro shi daga rijiya?

Ya nuna min bayana da haɓa:
mai faci, mai manja, da Gambo mai injin markaɗe,
kowa riƙe da tasa takarda, rana na yi.
Na ce, to, miƙe.
Nan take ɗa ya koma da, kamar abin da ya shuɗe.
Baƙo, ubana, ya shiga gidan na'ura,
ba tabarma, ba ruwa,
aka cire masa hula tun daga zaure,
ni kuwa ina tsaye ina jin kunya.

"Sana'a?"
Ƙira, na ce. Ya rubuta kira.
To, ga ni yau a littafin hukuma mai kira,
ni da hayaƙi ya dusashe wa murya.

"Unguwa?"
Unguwar Ƙaya. Ya rubuta kaya.
Wannan kam na yarda, ba a yi min ƙage ba,
ƙayar na ƙafa, kayan na wuya.

Da aka zo kan kuɗi allon bai yi ja ba.
Dubu goma sha biyu da ɗari biyar,
suka wuce sumul kamar an shafa musu mai.
Su ma kuɗin a bakinmu da lanƙwasarsu,
amma da rigar lamba suka zo,
mai rigar lamba kuwa ba a tare shi a hanya.

Yana miƙo rasit ya rage murya:
"Baba, ni ma tawa alamar tun jarrabawa ta faɗi.
A banki babu, a katin shaida babu.
Sai na koma gida inna ta kira ni cin tuwo
nake jin ta dawo wurinta,
ashe a bakinta take ajiya.
Kada ka gyara da biro, za su ce jabu ne."
Na ce na ji. Ban ce na yarda ba,
don ji daban, yarda daban a zuciya.

Na iso gida la'asar sakaliya,
na cusa rasit a gafaka tare da na bara,
wanda Malam Ɗayyabu ya rubuta da hannu,
baƙaƙensa duk da hulunansu.
Ban gama kwance wa keken kaya ba
sai ga sallama ta kan danga,
Talatu ce, gugansu ya sake faɗawa:
"Ɗan'azumi! Ɗan'azumi maƙeri!"
Kowane baƙi ya fito da lanƙwasarsa, ba wanda ya karye.
Na amsa da ƙarfi, na shiga ɗaki,
na ɗauko mata ƙugiya.